Yadda ake saƙa gyalen leshi da hannu don kyautar walimar sauka

Duk lokacin da makarantun Islamiyya suka fara raba katin walimar sauka, tambayar nan sai ta dawo daga masu koyon saƙa: wane zare za a saya, ido nawa za a ɗora, kuma kwana nawa aikin zai ci kafin a samu gyale mai huda-huda da za a ba yarinyar da ta sauke Alƙur'ani? Ga amsar daki-daki. An rubuta ta ne don wadda ta riga ta iya saƙar gaba da saƙar baya da tsinke biyu, ko da hular jariri ko safa kaɗai ta taɓa yi. Abin da zai ƙaru a kan wannan abu biyu ne tak, rataye zare da haɗe ido biyu. Sauran aikin duk ƙirga ne da haƙuri.

Zanen da za mu bi shi ne mai kama da igiyar ruwa, wanda masaƙan tsibiran Shetland na ƙasar Sikotilan suka yi fice da shi. Mun zaɓe shi ne don layi huɗu ake ta maimaitawa, kuma layi ɗaya ne kawai a cikinsu yake neman natsuwa.

1. Ki fara da uwar yarinyar, kafin kasuwa

Abu uku za ki tambaya: ranar walima, launin kayan da makaranta ta fitar, da tsayin yarinyar. Makarantu da yawa a Kano suna fitar da anko ko su ce kowace ɗaliba ta zo da farin hijabi, don haka gyalen a kan hijabi ko a kafaɗa za a yafa shi. Leshi huda gare shi, ba ya suturta jiki shi kaɗai, kuma gara a faɗi wannan tun farko kada uwar ta zaci mayafin fita za a kawo mata. Fari, ruwan madara, ko wani launi mai haske da zai zauna a kan ankon, su ne suka fi fito da zanen. Zare mai duhu ko mai launi barkatai yana haɗiye hudojin, wahalarki ta tafi a banza.

Tsayin gyale ya yi daidai da tsayin yarinyar, domin idan mutum ya buɗe hannuwansa, daga yatsa zuwa yatsa kusan tsayinsa ne. Lissafin da ke cikin wannan jagora na yarinya ce mai shekara 9 zuwa 13: faɗi santimita 50, tsawo santimita 150, wato wajen inci 20 da inci 60 a tef ɗin tela.

Gargaɗi kan lokaci: gyalen nan ido 100 ne a layi, layi kusan 430. Mai matsakaicin sauri tana cin minti biyar a layi ɗaya, ke nan awa 35 ko fiye, in an haɗa da warware kuskure a ce awa 40 zuwa 45. Awa ɗaya a rana, sati shida ke nan. Ki ba kanki sati takwas, don makaranta na iya matso da rana, ke ma biki ko rashin lafiya na iya cinye miki sati guda. Idan saura sati uku, kada ki fara wannan. Ki nemi wata kyautar.

2. Zare

Nan ne aka fi yin asara. Ulun roba da ake saƙa kayan sanyin jarirai da shi, wanda ya cika shaguna, bai dace da wannan aikin ba. Yana da kauri, yana riƙe zafi, kuma in aka miƙar da shi ba ya tsayawa yadda aka shimfiɗa shi sai an yi masa tururi, tururin kuma in ya yi yawa ya kashe shi. Yarinyar da za ta zauna ƙarƙashin rumfa tun hantsi har azahar, ga hijabi ga ankon, ba ta buƙatar ƙarin bargo a kafaɗa.

Ki nemi zaren auduga siriri mai ɗan sheƙi. Alamar da za ki duba a takardar da ke naɗe jikin dunƙulen ita ce nauyi da tsawo: giram 50 ya ba da mita 160 zuwa 170. Idan giram 50 mita 80 ne ko 100, ya yi kauri. Idan ya haura mita 250, na kwarashi ne, ya yi siriri ga wannan lissafin. Gyalen zai ci wajen mita 750 zuwa 800, dunƙule biyar ke nan. Ki sayi shida, na shidan na gwaji ne da ko-ta-kwana.

A kasuwar Sabon Gari da ta Ƙofar Wambai akwai masu sayar da zare da kayan saƙa. Ba kowane dunƙule ke zuwa da takarda ba, kuma wani mai shagon duk zare sunansa ulu a wurinsa. In kina shakka, ki ce, "Alhaji, a ɗan yanko mini ɗan tsinke in gwada," ki fita gefe ki ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda, warinta ma na takarda ne, ta bar toka mai laushi da ke murƙushewa a yatsa. Roba tana narkewa ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Gashin tumaki na gaske kuwa ƙauri yake yi irin na babbakar kai.

Gargaɗi: ki sayi duka shidan rana ɗaya, daga kwali ɗaya, ki duba lambar rini a takardar ta zama iri ɗaya. Fari ma kala-kala ne. Bambancin da ba ki gani a cikin shago zai fito ɓaro-ɓaro a rana, a tsakiyar bayan yarinyar.

Zaren shi ne zai ci mafi yawan kuɗin, kuma da yake na auduga mai kyau galibi shigo da shi ake yi, farashinsa yana bin dala. Ki taya a shago biyu ko uku, ki nemi ragi tunda guda shida za ki ɗauka. Sauran kayan sau ɗaya ake sayensu, su yi shekaru.

3. Sauran kayan aiki

Tsinken saƙa mai igiya a tsakiya, kauri milimita 4, tsawon igiya santimita 80. Miƙaƙƙun tsinkaye ma suna yi, sai dai idan saƙar ta yi tsawo nauyinta kan gajiyar da wuyan hannu, kuma ido 100 suna cunkushewa su zame. Ki shafa wurin da igiya ta haɗu da ƙarfe. In akwai kaifi ko gaɓa, zai riƙa tsarge zare, ki canja wani. Baki mai ɗan tsini ya fi, don da shi ake shiga ido biyu lokaci guda.

Sai tsinke ɗaya mai kauri milimita 5 don ɗora ido da rufewa, ƙaramin kwarashi na ɗauko idon da ya zame, allura mai faɗin kafa da dakusasshen baki, tef, almakashi, ɗan littafi da biro, da fil masu kai kamar guda 80 waɗanda ba sa tsatsa. Zoben alama kuwa ba sai an saya ba: ki yanka wani zare mai launi daban ki ƙulla ƙananan zobba guda shida.

4. Gwaji

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don ɗoki, sai gyale ya fito kamar ɗankwali ko kamar zanin gado. Hannu ya bambanta. Wata tana ɗame zare, wata tana sakinsa.

Ki ɗora ido 42, uku a kowane gefe na baki, 36 na zane biyu. Ki saƙa layi 28 bisa tsarin da ke mataki na 6, ki rufe, ki jiƙa shi, ki shimfiɗa da fil ya bushe, sannan ki auna. Abin da ake so shi ne zane ɗaya mai ido 18 ya ba da faɗin santimita 9, layi 28 kuma su yi santimita 10. In zanen bai kai santimita 8 ba, hannunki ya yi tsauri, ki koma tsinke 4.5. In ya wuce 10 kuma saƙar ta yi lakwam kamar raga, ki sauko 3.5. Wankin gwajin zai kuma nuna miki ko zaren na zuba.

Ga mai son wani girman: ƙaramar yarinya mai shekara 6 zuwa 8, zane huɗu, ido 82. Budurwa, zane shida, ido 118, ki ƙara dunƙule biyu. Kullum lissafin shi ne 18 sau adadin zane, a ƙara 10 na baki.

5. Ɗora ido

Gyalen rabi biyu za a saƙa shi, a haɗe a tsakiya. Dalili kuwa, bakin da aka fara da shi yana fito da lanƙwasar igiyar ruwa sosai, bakin da aka rufe kuma ba ya lanƙwasa haka. In kika saƙa shi a miƙe daga farko zuwa ƙarshe, gefe ɗaya zai fi ɗaya kyau, kuma a gaban yarinyar gefunan biyu suke haɗuwa, kowa ya gani. Wadda wannan bai dame ta ba tana iya zarcewa kai-tsaye ta huta da haɗi.

Ki ɗora ido 100 a kan tsinke mai milimita 5, sakwa-sakwa. Bakin da aka ɗame ba zai bari lanƙwasar ta buɗe ba, kuma babu gyara sai warwarewa. Ki ƙirga sau biyu. Sai ki koma tsinke 4 ki yi layi huɗu duka saƙar gaba. A layi na huɗu ki saka zobba: bayan ido 5, sannan bayan kowane 18, har sau biyar, ido 5 su rage a ƙarshe. Zobe shida ke nan, kowane zane yana cikin ɗakinsa.

6. Layi huɗun

Ido biyar na farko da biyar na ƙarshe saƙar gaba ne a kowane layi, ko ana fuska ko ana baya. Su ne ke hana gefen naɗewa. Abin da ke ƙasa na ido 90 ɗin tsakiya ne.

Layi na 1, fuska: duka saƙar gaba.

Layi na 2: duka saƙar baya.

Layi na 3, fuska: a cikin kowane ɗaki, haɗe biyu sau uku, sannan rataye zare da ido ɗaya na gaba, sau shida, sannan haɗe biyu sau uku.

Layi na 4: duka saƙar gaba, har da zaren da aka rataya. Wannan shi ne ke fito da ɗan tudun layi a fuska.

Haɗe biyu: ki zura tsinken dama cikin ido biyu na hagu lokaci guda, ta gaba, ki fara shiga na biyun sannan na farkon, ki saƙa su kamar ido ɗaya. Rataye zare: ki kawo zaren gaba ta tsakanin tsinkayen biyu, ki ɗora shi ta saman tsinken dama ya koma baya, sai ki saƙa idon da ke biye. Wannan ratayen shi ne zai zama huda.

Ki lura da lissafin, don shi ne zai cece ki nan gaba. Haɗi shida sun rage ido shida, rataye shida sun ƙara ido shida. Ɗaki ya fara da 18 ya ƙare da 18. Inda aka haɗa saƙar tana tsukewa, inda aka rataya tana buɗewa, shi ya sa layukan suke lanƙwasa. Sai kin maimaita sau huɗu ko biyar kafin ki ga igiyar ruwan ta bayyana, kafin nan abin cukurkuɗaɗɗe ne kamar tsumma. Haka leshi yake a kan tsinke, kada ki warware.

Gargaɗi a layi na 3: da kin iso zobe, ki tsaya ki duba. Haɗi na ƙarshe ya kamata ya cinye ido biyun ƙarshe daidai bakin zoben. In ido ɗaya ya rage, ko kuma ido ya ƙare kafin ki gama, kuskuren yana cikin ɗakin nan ko a layin da ya gabata, ba sai kin bincika ido ɗari ba. Masu saƙa da yawa suna ƙirgawa a baki, "uku, shida, uku". Wannan layin ba na hira ba ne, kuma ba na duhun magariba ba ne in an ɗauke wuta. Sauran ukun kina iya yi ana taɗi.

Gargaɗi a layi na 4: zaren da aka rataya yana kwance a karkace a kan tsinke, ba ya kama da ido. Ki shiga ta gabansa yadda yake. In kika shiga ta baya kika murɗe shi, hudar za ta toshe. Kuma yana son tsallake zobe ko ya sulale ƙasa, musamman a tsinken ƙarfe mai santsi.

Duk layi huɗu da kika gama, ki ja sanda ɗaya a littafi. Kowane rabi sanda 52 ne. Kada ki dogara da tef a nan, saƙar da ke kan tsinke a takure take, sai an jiƙa ta take nuna tsayinta na gaskiya. Idan za ki ajiye aiki, ki ƙarasa layi, ya fi kyau ma ki tsaya a ƙarshen layi na 4, ki tura idon can tsakiyar igiya.

7. Zaren tsira

Saƙar gaba zalla in aka zare tsinke aka warware, ana iya mayar da idon. Leshi ba haka yake ba, ratayen suna ɓacewa, haɗin suna rabuwa, sai ki rasa inda layi yake. Maganin shi ne bayan kowace sanda biyar, wato layi 20, da kin gama layi na 4, ki zura siririn zare mai santsi a allura ki ratsa shi cikin dukan idon da ke kan tsinke, ki bar jelarsa tana reto a gefe biyu. In ɓarna ta faru, ki zare tsinke ki warware; warwarar za ta tsaya cak a kan zaren nan, ido 100 cif, kuma kin san layi na 1 za ki ɗora.

Abu biyu a kiyaye. Kada ki ratsa zaren ta cikin zobban alama, ki bi ta ƙasansu, in ba haka ba za su maƙale a nan. Kuma kada ki sa jan zare ko baƙi a farar saƙa, gumin hannu kaɗai na iya sa shi zuba. Zaren ɗinkin hula mai haske ya wadatar.

8. Kurakuran da za su faru

Ɗaki ya koma 17. Kusan kullum rataye ɗaya aka manta. Ki baje saƙar a cinya ki ƙirga hudojin layin ƙarshe, za ki ga biyar maimakon shida, da wuri ɗaya da ido biyu suka manne babu huda tsakaninsu. In kina layi na 4 ne, gyaran na daƙiƙa biyar ne: da kin iso wurin, ki buɗa tsinkayen kaɗan, za ki ga wani zare a kwance tsakanin idon dama da na hagu kamar matakalar tsani. Ki ɗago shi da tsinken hagu daga gaba, ki saƙa shi ba tare da murɗewa ba. Hudar za ta ɗan fi 'yan uwanta ƙanƙanta, wanki zai daidaita ta.

Ɗaki ya koma 19. Ko dai an yi rataye bakwai, ko an saƙa ido ɗaya a inda ya kamata a haɗa biyu, ko kuma tsinke ya tsaga zare ya mai da ido ɗaya biyu. Zaren auduga yana yawan yin wannan na ƙarshen don silinsa ba sa manne wa juna. Ratayen da ya yi yawa, sakinsa kawai za ki yi ya faɗi. Sauran biyun sai an koma baya ido-ido.

Ido ya zame yana gangarawa. Ki fara soke shi da fil ko ki rataye shi a kwarashi ya tsaya, sannan ki yi tunani. In layi ɗaya ko biyu ya sauka, ki hau da shi da kwarashi. In ya ratsa ta layin huda ya warware haɗi, kada ki ɓata awa guda kina lalube, ki koma zaren tsira.

Akwai mai cewa a haɗe biyu a ɓoye ko a ƙara ido a gefe don lissafi ya cika. A saƙar rigar sanyi ana tsira da haka. A nan hudojin a jere suke hawa kamar jerin gwano, ɗaya ya kauce, duk na samansa sun kauce.

9. Sabon dunƙule da tsabtar aiki

Kada ki ƙulla zare a tsakiyar layi, ƙullin zai leƙo ta huda. In kin ga abin da ya rage bai kai faɗin saƙar sau huɗu ba, ba zai kai ƙarshen layi ba. Ki tsaya a gefe, ki bar jela kamar santimita 15, ki fara da sabo. Jelar a cikin ido biyar na baki za a ɓoye ta. Dunƙulen farko ma'auni ne: in ya kai ki sanda 21 ko fiye, biyar za su isa.

Farin zare sati shida a hannu a garin Kano sai an yi da gaske. Ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, man shafawa yana barin dabbare, sabon lalle yana rina shi, hayaƙin turaren wuta yana sa shi ja-ja a hankali, manja kuwa ba a magana. Ki wanke hannu ki bushe kafin ki ɗauka, in hannun ya yi kaushi ki shafa mai da dare bayan kin ajiye aiki. Ki sa dunƙulen cikin roba mai murfi da aka huda, zaren na fitowa ta hudar, saƙar kuma a cikin tsohuwar farar rigar matashi. Ki ɗaga ta inda yara ba sa kaiwa, don zare tsinke daga saƙa wasa ne mai daɗi a wurinsu.

10. Haɗa rabi biyu

Da kin cika sanda 52, ki ƙara layi biyu na saƙar gaba, ki kwashe idon a kan wani zare ki ajiye. Ki saƙa rabi na biyu daidai da na farko. Sai ki mayar da na farkon kan wani tsinke, ki haɗa su fuska da fuska, bayansu na waje, bakin tsinkayen biyu suna kallon dama.

Da tsinke mai milimita 5, ki shiga ido ɗaya na gaba da ɗaya na baya ki saƙa su tare. Ki sake yin haka, ido biyu ke nan a dama, sai ki tsallakar da na farko ta kan na biyu. Haka har ƙarshe. Hannu a sake, domin in haɗin ya ɗame, tsakiyar gyalen za ta tsuke kamar an ɗaura masa ɗamara. Tudun haɗin zai kwanta ta baya, ta fuska kuma ya saje da sauran layukan. In kika ga wurin ya ɗan yi kumbura, al'ada ce, jiƙo zai kwantar da shi.

Ki ɓoye jelolin da allura a cikin baki, ki bi ido shida ko bakwai ki juyo ki bi uku. Auduga tana da santsi, in ba a juyo ba tana zamewa. Kada ki yanke ragowar tukuna.

11. Jiƙo da shimfiɗa

Abin da ke hannunki yanzu gajere ne a yamutse, ba ya kama da kyauta. Wannan matakin ne ke mai da shi leshi.

Ki zare duk zaren tsira. Ki zuba ruwa mai sanyi a baho mai tsabta, da ɗan shamfu ko sabulun ruwa mai laushi, ki nutsa gyalen minti 20. Ba a cuɗawa. In ruwan rijiyarku ko na burtsatse yana barin ja a bokiti, ki yi amfani da ruwan leda, ya fi asarar aikin sati shida sauƙi. Kada ki sa bilic ko bula. Ki ɗauraye, ki tallabo shi da hannu biyu a dunƙule, don jiƙaƙƙiyar auduga nauyi gare ta, in kika ɗaga ta ta gefe ɗaya za ta zazzago. Ki shimfiɗa a tawul, ki naɗe kamar tabarma, ki taka a hankali ruwan ya fita.

Ki rufe katifa da farin zane wanda ba ya zuba. Kafin ki kafa fil, ki zura zare mai ƙarfi ta cikin idon gefe na dogayen ɓangarorin biyu, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ki ja shi ya miƙe ki ɗaure a fil. Fil kaɗai in aka kafa a miƙaƙƙen gefe yana barinsa da tsini-tsini kamar bakin zarto. Zaren ne ke ba da miƙaƙƙen layi. Sai ki auna da tef, santimita 50 a farko, a tsakiya da ƙarshe, 150 a tsawo, kina kafa fil duk bayan ɗan yatsa huɗu, daga tsakiya zuwa waje. A gajerun bakunan, ki ja kowace lanƙwasa ki kafa mata fil uku ko huɗu a zagaye, don fil ɗaya zai mai da ita tsini.

A ɗaka za ta bushe, da fanka.  Da hunturu wuni ɗaya ya isa, amma a rufe taga. Da damina ki ba ta kwana ɗaya zuwa biyu. Kada ki cire fil sai ta bushe ƙarau, in da sauran danshi za ta koma ta takure. Ba ta buƙatar guga. In lallai ne, ki ɗora jiƙaƙƙen farin kyalle, ki riƙe dutsen a sama-sama tururi ya ratsa, kada ki danna, kada kuma a kai ta wajen mai dutsen gawayi. Bayan an cire fil ne za ki yanke ragowar jeloli. Geza ba dole ba ce, lanƙwasar bakin ta isa ado, kuma geza tana sarƙewa da fil ɗin hijabi.

12. Miƙa kyauta

Ki ninke ta sakwa-sakwa cikin farin kyalle, a kwali, kada ki matse ta a leda. In kina son ƙamshi, kyallen za ki turara ki bari ya sha iska. Humra ko turare mai maiƙo in ya taɓa zaren tabo ne. Ki kai ta gidan kwana biyu ko uku kafin walima, don uwar ta gwada mata a kan ankon ta ga yadda za a kafa ta, tunda yarinyar za ta riƙe allon zayyana da hannu biyu lokacin karatu, gyalen da ba a kafa ba kuwa zamewa zai yi. Ki nuna mata ta soka fil a cikin huda, kada ta tsaga zare.

A cikin kwalin ki saka ɗan ragowar zaren, kamar mita biyar, don gyara in wani abu ya fizge shi, da 'yar takarda mai layi uku: a wanke da hannu a ruwan sanyi, kada a murɗe, a shanya a kwance a inuwa ana jan bakin ya koma yadda yake.